Yadda masana ke gano dangantakar harsuna da karanta rubutun da ya ɓata

Idan ka tambayi dattawa a Unguwar Tudu ko Gwarzo daga ina Hausa ta fito, da yawa za su ce maka daga Larabci. Hujjarsu ita ce kalmomi irin su littafi da alƙalami da lahadi. Sai dai masana sun ce waɗannan duk aro ne da ya zo tare da Musulunci. Dangantakar jini tana ɓoye a kalmomin da ba a cika arowa ba.

Dubi "mutu" da "mata" ta Larabci, ko "suna" da "ism", ko "ta" ɗin mace da ke cikin "ta zo" da "taktubu". Irin wannan kamanni ne ya sa Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya sanya Hausa da danginta na rukunin Cadi cikin gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da Tamashek da harshen Misira ta da. Wato Hausa da Larabci 'yan uwa ne na nesa, ba uwa da 'ya ba.

Da wannan hanya aka haɗa harsunan Indiya da na Iran wuri guda. Masu kallon finafinan Indiya sun san "saat", wato bakwai. A Sanskirit "sapta" ne, a Farisanci kuma "haft". Inda Indiyawa suka sa "s", Iraniyawa kan sa "h", kuma hakan na maimaituwa a kalmomi masu yawa. Hindi da Urdu da Bengali suna reshe ɗaya, Farisanci da Kurdanci da Pashto suna ɗayan.

Amfanin wannan sani ya fito fili a dutsen Behistun na Iran, inda Sarki Dariyus ya sa aka sassaƙa tarihinsa da harsuna uku. Henry Rawlinson ya fara kwafe rubutun a 1835. An karanta ɓangaren tsohon Farisanci ne saboda an riga an san 'yan uwansa, Sanskirit da Abestanci, daga nan kuma aka buɗe na Babila.

Inda aka rasa ɗan uwa na kusa kuwa, aikin kan cije. Tun 1911 ake iya furta haruffan Merowe ta Sudan, amma har yau kaɗan ake fahimta. Rubutun kwarin Indus ma yana nan a rufe.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. Harsunan Cadi sun kai kimanin 150, kuma a jihohin Bauchi da Filato yara da dama sun bar harshen iyayensu sun koma Hausa. Duk wanda ya ɓace ba a rubuta shi ba, ya tafi da shaidar da za a bi a gano asalin Hausa kanta.