Faci ko Sabuwar Taya: Yadda Mai Mota Zai Yanke Hukunci

Daga Kano zuwa Maraɗi, da wuya ka wuce tasha ko mararraba ba ka ga mai faci da injin iskarsa da bahon ruwansa ba. Sana'a ce da ke fitar da matafiya daga wahala kullum. Sai dai akwai tayar da faci ke mayar da ita garau, akwai kuma wadda ba ya yi mata komai face rufe hatsarin da ke cikinta. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma a kansa birki da sitiyari da rayukan fasinja suka dogara.

Abin dubawa na farko shi ne inda hujin yake. Idan ƙusa ta shiga ta tsakiyar taya, wajen zanen da ke taka kwalta, kuma faɗin hujin bai haura milimita 6 ba, faci ya wadatar. A nan akwai kauri, ga wayoyin ƙarfe da ke riƙe da robar. Gyara mai kyau shi ne a cire tayar daga wili, a duba cikinta, a toshe hujin sannan a liƙe shi ta ciki. Zaren da ake cusawa daga waje ba tare da an kwance tayar ba, na kai mutum gida ne kawai.

Gefen taya kuwa ba ya karɓar faci. Shi ne ke lanƙwasa yana miƙewa duk juyin da tayar ta yi, don haka duk abin da aka liƙa masa zai saki. Haka kumburin da kan fito a gefe bayan mota ta faɗa rami: zarurrukan ciki ne suka tsinke, iska ta sami hanyar turo robar waje. Tayar da aka yi tafiya mai nisa da ita babu iska ma cikinta ya riga ya ci, ko da wajenta bai nuna ba. Duk waɗannan sai canji.

Na biyu shi ne zurfin zane. Ramukan zanen su ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya da damina. A cikinsu masu ƙira sun sa ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6. Da zarar zanen ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki, domin a jiƙaƙƙen titi za ta riƙa sulɓi ko an taka birki.

Na uku shi ne shekaru, kuma nan ne aka fi yaudarar mutane. Roba tana bushewa ta tsattsage ko ba a hau ta ba. A jikin kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ta daɗe tana jan kunnen direbobi kan tayar da ta wuce shekara 4, kamfanin Michelin kuwa ya ce ko tayar safaya ce kada ta haura shekara 10. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwa ta koma kan tayoyin waje, na gwanjo suka cika ta duk da haramcin shigo da su. Da yawa zanensu da kyau, amma sun tsufa.

Asarar taya da dama ana iya kauce mata da gejin auna iska. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwasa fiye da ƙima, ta ɗau zafi, ga lodi, ga gudu, ga kwaltar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Haka fashewa ke faruwa. A auna iska sau ɗaya a wata, da safe kafin tayar ta yi zafi, a bi adadin da ke manne a ƙofar direba, ba wanda ke jikin tayar ba, domin shi iyaka ne. Idan taya tana cinyewa ta ɓangare ɗaya, ƙafar motar ce ke neman saiti.

Kowa ya san tsadar taya a yau, kuma direban haya da ke neman na cefane ba da gangan yake lallaɓa tsohuwa ba. Wanda ƙarfinsa bai kai huɗu ba ya sayi biyu, ya sa su a baya, domin motar da bayanta ya zame ta fi wuyar riƙewa. Idan kuma mai faci ya duba ya ce, “Alhaji, wannan ba ta gyaruwa,” kada a matsa masa, kada a zarce wurin wanda zai yarda. Mutumin da ya ƙi kuɗin aikinsa ya faɗa maka gaskiya, ranka da na fasinjanka ya duba.