Yawon amarci a tsibiri: abin da ango zai duba kafin ya yanki tikiti

A shekarun baya, idan aka ɗaura aure a garuruwanmu, amarya takan yi kwana bakwai a ɗaki, a yi buɗar kai, ango kuma ya koma rumfarsa ranar kasuwa mai zuwa, shi ke nan an gama. To amma zamani ya zo da abin da ake kira yawon amarci, inda ango zai ɗauki amaryarsa su bar gari na mako guda ko biyu. Tun da wayar hannu ta shiga kowane aljihu, ƴan matanmu suna ganin hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa a Instagram da TikTok, su kuma matasan ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Illela da Jibiya, waɗanda suka saba hawa jirgi zuwa Dubai da Sin saro kaya, sun fara tambaya: wane tsibiri ya kamata mutum ya kai iyalinsa? Wannan tambaya ta sha zuwa mana a gidan rediyo, shi ya sa muka ga ya dace mu baje ta a nan.

A hoto dai duk tsibiran kamarsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne takardar shiga, da watan da aka ɗaura auren, da kuɗin da za a caje ka bayan ka sauka, sai kuma ko kai da iyalinka za ku iya cin abincin wurin ku saki jiki da mutanensa. A kan waɗannan za mu auna su.

Sunan da ya fi yawo a bakin ƴan mata shi ne Maldib. Ƙasa ce ta ƙananan tsibirai wajen 1,190 a tekun Indiya, babban birninta Male, kuma Musulunci ne addinin ƙasa. Dattawan kasuwa za su so su ji cewa mun daɗe da alaƙa da wurin ba tare da mun sani ba, domin kuwa farin wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kano da Katsina da Damagaram, daga tekun Maldib ake kwaso shi. Daga baya, a tsakiyar ƙarni na 19, Jamusawa suka riƙa jibgo wani irin wuri daga Zanzibar cikin jiragen ruwa, har ya yi yawa darajarsa ta karye. Wato dai tsibiran da suka aiko mana da kuɗi jiya, su ne ke jiran mu mayar musu da shi yau.

Ƙofar Maldib a buɗe take. Ana ba baƙo biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, muddin yana da fasfo mai rai, da tikitin komawa, da shaidar otel ɗin da ya kama, kuma ya cika takardar shiga ta intanet kafin ya taso. Mai fasfon Nijar ko Najeriya ba sai ya yi jeren ofishin jakadanci ba. Wahalar tana can ciki. Tsarinsu shi ne kowane babban otel yana da tsibirinsa shi kaɗai, ba kasuwa, ba mai shayi, ba wani gidan abinci da za ka tsallaka ka ci da araha. Abin da otel ya yanka shi za ka biya, ko da ruwan sha ne. Ɗakunan nan da ake gani a hoto an kafa su bisa ruwa, kwana ɗaya a cikinsu ɗaruruwan daloli ne, wasu ma sun haura dubu. A nan dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Bayan kuɗin ɗaki akwai kashi 10 cikin 100 na hidima, da harajin baƙi da aka ɗaga zuwa kashi 17 cikin 100 a watan Yulin 2025. Akwai kuma harajin muhalli, wanda tun Janairun 2025 ya koma dalar Amurka 12 a kan kowane mutum kowane dare a manyan otel. Ango da amarya, dare bakwai, ya kama dala 168, wato kusan jika 100 na sefa gwargwadon canjin ranar, kuma ba a ci ba a sha ba. Sannan daga filin jirgin Male zuwa tsibirin otel ɗin sai an hau kwalekwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, kuɗinsa daban, kuma irin wannan jirgi da rana kawai yake tashi. Wanda ya sauka da dare sai ya ƙara kama ɗaki a Male ya jira gari ya waye. Ɗan kasuwar da ya san bambancin kuɗin kaya da kuɗin dako da na duwan ba zai rasa gane wannan lissafi ba.

Wani abin da hoto ba ya faɗa shi ne, ko da yake ƙasar ta Musulmi ce, a tsibiran manyan otel ana sayar da giya, kuma Turawa na yawo da kayan wanka yadda suka ga dama. A tsibiran da ƴan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi, an hana giya, akwai masallatai, akwai ƙananan masaukai masu sauƙin kuɗi da gwamnati ta ba da izinin buɗewa tun wajen 2009. A ganinmu, mutumin da ya nace sai Maldib, can ya fi dacewa da shi da aljihunsa, sai dai ya gaya wa amarya tun a gida cewa ɗakin a kan ƙasa yake, kada a je ana kumbure-kumbure.

Zanzibar kuwa akasin haka take: shigarta ce ke da wuya, zamanta da daɗi. Yanki ne na ƙasar Tanzaniya tun haɗewar 1964, manyan tsibiranta biyu, Unguja da Pemba, kuma kusan duk mutanenta Musulmi ne. Hukumar shige da fice ta Tanzaniya ta sa Nijar da Najeriya da Cadi da Mali cikin jerin ƙasashen da ba a ba mutanensu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida ta intanet, an jira amincewar hukumar, kuma ita kanta hukumar tana cewa a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya. Saboda haka kada wanda ya yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ƴan uwanmu na zangon Kumasi da Akara masu fasfon Gana su ba su da wannan damuwa, ba a neman su da biza. Bugu da ƙari, tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora, abin da direbobinmu ke kira asirans, ta dalar Amurka 44 a kan kowane mutum. Mutum biyu dala 88 ke nan, kimanin jika 50.

Idan aka tsallake wannan, Bahaushe ba zai ji baƙunta sosai a Zanzibar ba. Za ka ji kiran salla daga ɗakinka, matan gari sanye da hijabi kamar na gida, nama yankan Musulmi ne, abinci kuma shinkafa ce da kifi da kayan ƙamshi. Harshensu Swahili cike yake da kalmomin Larabci irin waɗanda muka ara: muna cewa labari suna cewa habari, muna cewa asuba suna cewa asubuhi, sabulu kuma sabuni. Tsohon garin, Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne ƙanana da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, da yamma kuma a fita lambun Forodhani a bakin teku inda ake gasa kifi da nama a fili. Akwai gonakin kanumfari da kirfa da masoro da ake kai baƙi su gani a jikin itace, ga kasuwar Darajani inda amarya za ta zaɓi zannuwan kanga na tsaraba. Mun san halin mutanenmu, da wuya ango ya fito daga kasuwar nan bai tambayi farashin buhun kanumfari ba, kuma ba laifi. Babban abin shi ne a Zanzibar kai ke da zaɓi: akwai otel mai tsada, akwai matsakaici, akwai gidan abincin da ƴan gari ke ci.

Sai dai a lura da ɓangaren da za a sauka. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa nesa ƙwarai sau biyu a rana, ya bar fili da ciyawar ruwa. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya gudu haka, amma can ne baƙi suka fi cunkoso, da kiɗa da mashaya a bakin ruwa. Mai son natsuwa da iyalinsa ya fi kyau ya nufi gabas, ko ya raba kwanakin, biyu a tsohon gari, sauran a bakin teku.

Maganar wata kuma ita ce wadda aka fi mantawa. Babbar daminar Zanzibar tana farawa a Maris ta kai ƙarshen Mayu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, har wasu otel kan rufe. Ƙaramar salla ta 2025 da ta 2026 duk cikin Maris suke, don haka auren bayan salla, wanda muka fi yawan yi, yana faɗawa daidai cikin wannan ruwa. Lokacinta mai kyau shi ne Yuni zuwa Oktoba, sai kuma Janairu da Fabrairu. Maldib ita kuma raninta daga Disamba ne zuwa Afrilu, daga Mayu zuwa Oktoba iska da ruwa. Ke nan mai auren bayan ƙaramar salla Maldib ce ta fi masa, mai auren damina Zanzibar, mai auren kaka kuwa idan ya ɗan jinkirta zuwa Janairu ko'ina ya je ya dace. Ba dole ba ne a tafi washegarin biki.

Sauran tsibiran ba za mu daɗe a kansu ba. Moris tana da abin da zai ja hankalin ɗan Nijar da ɗan Kamaru, domin ana jin Faransanci a ko'ina, akwai Musulmi da dama da tsohon masallacin Juma'a a Port Louis, babban birnin, kuma ba a shan wahalar samun abincin halal. Amma tafiyar doguwa ce, kuma daga Janairu zuwa Maris lokacin guguwar teku ne. Seshel kyakkyawa ce mai tsadar gaske, kuma a 2023 hukumominta sun tsaurara wa masu fasfon Najeriya da ke zuwa yawon buɗe ido, don haka mai wannan fasfo ya bincika da kyau kafin ya sa kuɗinsa.

Cap-Vert ita ce ta kusa da mu, kimanin kilomita 570 daga Dakar, kuma tana cikin CEDEAO. Ga ɗan Najeriya ko Benin ko Gana wannan sauƙi ne. Ga ɗan Nijar kuwa al'amarin ya sauya tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku suna shige da fice kamar da har sai an ji wata sanarwa, amma irin wannan magana sai an tabbatar da ita a wurin kamfanin jirgi kafin a biya. Ko ba wannan ba, tsibiran Sal da Boa Vista da baƙi ke zuwa busassu ne, rairayi da iska, kuma ƙurar hunturunmu tana isa can daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya baro hazon Tawa ya je ya tarar da wani hazon bai ci riba ba. Mutanen ƙasar mafi yawansu Kirista ne masu magana da harshen Fotugal, kuma sau da yawa akan sa naman alade a cikin abincinsu na gargajiya, sai an tambaya kafin a ci.

Ta fuskar hanya, babu ɗaya daga cikin tsibiran nan da ake zuwa kai tsaye daga Yamai ko Kano. Zanzibar an fi bi ta Adis Ababa da jirgin Habasha, Maldib kuma ta Istanbul ko Doha ko Dubai, tare da jiran sa'o'i a tsakani. Ga amaryar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, hanyar Adis ta fi gajarta. Haka kuma wanda jarinsa ke cikin naira ya tuna yadda ta zube tun da aka sake ta a Yunin 2023. Sefa dai tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka lissafin mai sefa ya fi tsayawa wuri ɗaya. Duk wanda zai sayi dala a wurin ƴan canji ya nemi sababbin takardu, domin a gabashin Afirka sukan ƙi karɓar tsofaffi.

Akwai wata magana da ƴan kasuwa ba sa son a taɓo, amma dole a faɗa. Da yawa daga cikin masu halin wannan tafiya ba auren fari suke yi ba. Wanda ya kai amarya Zanzibar ya sani cewa uwargida ma tana da waya, za ta ga hotunan kafin jirgi ya sauka, saboda haka ko dai ya lissafa tafiya biyu tun farko, ko ya shirya amsar da zai bayar.

Idan aka ce mu zaɓa wa ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, Zanzibar za mu nuna masa, da sharaɗin ya fara neman takardu tun ranar da aka sa rana. Fasfon ango yawanci a shirye yake, na amarya ne ke riƙe tafiya, domin sai an nemo takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa kafin a kai ga fasfo, sannan a shiga jiran biza. A duba kuma sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi, kada a rubuta Hadiza a nan, Khadija a can. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a Zanzibar da Maldib da Moris ga duk wanda ya fito daga yankinmu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka a kai amarya asibiti tun kafin a shiga hidimar lalle.