Takarda tana cikin kwamfuta amma ta ɓace: yadda ake zaɓar manhajar neman fayil

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, matasa da dama suka fara bin diddigin kason da ke zuwa yankunansu. Matashin da ke Kademi, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Gaya, zai iya sauke rahoton rabon arzikin ƙasa na kowane wata, da kundin kasafin kuɗin Jihar Kano mai ɗaruruwan shafuka, da hotunan takardun sakamakon zaɓe na EC8A da INEC ta ɗora a IReV a 2023. Tara su ba wuya. Wuyar tana zuwa ranar da muhawara ta kaure a kan ko an taɓa sanya aikin wata hanya a kasafin bara, mutum ya san yana da takardar, amma ya rasa inda ta shige.

Manhajojin neman fayil iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke sa mutane sauke wadda ba za ta yi musu amfani ba. Akwai masu neman sunan fayil kaɗai, akwai kuma masu shiga cikin takardar su karanta rubutun da ke ciki. Yawancinsu suna fara aiki ne da haɗa fihirisa, kamar wadda ake samu a ƙarshen littafi, ta yadda idan aka rubuta kalma ba sai sun sake bin dukan ma'ajiyar kwamfutar ba.

A rukunin farko babu kamar Everything, ta kamfanin voidtools. Kyauta ce, ƙarama ce, kuma tana karanta jadawalin da Windows ke ajiye sunayen fayiloli a ma'ajiya mai tsarin NTFS, shi ya sa take jero dubban ɗaruruwan sunaye cikin daƙiƙoƙi. Tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo ma tana ɗaukarta ba tare da nishi ba. Sai dai idan fayil ɗin sunansa wasu lambobi ne da WhatsApp ya laƙa masa, saurinta bai tsinana komai ba. Filash ma, da yake yawanci tsarinsa daban ne, sai an nuna mata shi da hannu.

Wanda ke son gano kalmar "Kademi" a shafi na ɗari uku na kundin kasafi, rukuni na biyu yake bukata. Windows na da nata mai binciken, wanda ke iya karanta cikin takardu, amma a yadda yake zuwa wasu foldodi kaɗan yake dubawa. Tun 2019 Windows 10 ta ba da damar faɗaɗa shi ya mamaye kwamfutar gaba ɗaya, sai dai hakan na cin batir, abin da ba ƙaramar magana ba ce ga wanda ke biyan kuɗin caji a shago ko ya dogara da ƙaramar sola. DocFetcher da Recoll, waɗanda duk buɗaɗɗun manhajoji ne, suna karanta PDF da Word da Excel, su nuna layin da kalmar ta fito. DocFetcher tana da nau'in da ake ɗauka a filash tare da takardun da fihirisarsu. Masu Mac kuwa suna da Spotlight tun 2005.

Akwai tarko biyu da suka fi shafar mai aiki da takardun Najeriya.

Na farko hoto ne. Takardar EC8A da ke IReV hoto ce, haka ma wasiƙun ofis da aka yi wa sikanin, ko amsar da hukuma ta bayar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ido na ganin rubutu, kwamfuta kuwa ɗigo-ɗigo take gani. Sai an bi ta kan irin waɗannan da manhajar mayar da hoto rubutu, irin su Tesseract, kafin a iya neman kalma a cikinsu. Ko ita ɗin ba ta iya rubutun hannu sosai ba, alhali alƙaluman EC8A da hannu jami'in zaɓe ya cike su. Jihar Kano na da mazaɓu 484 da rumfunan zaɓe fiye da 11,000. A nan babu wata dabara da ta wuce sanya wa kowane hoto suna mai ma'ana, wato ƙaramar hukuma, mazaɓa, lambar rumfa da shekara, sannan a bar Everything ta yi sauran aikin.

Na biyu haruffanmu ne masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta, ƙ da k haruffa biyu ne daban, haka ɗ da d, da ɓ da b. Wanda ya nemi "ƙaramar hukuma" ba lallai ya ga takardar da aka rubuta "karamar hukuma" ko "k'aramar hukuma" ba, kuma duk ukun ana rubuta su. Kafin a amince da manhaja, yana da kyau a gwada ta da kalma ɗaya a siffofin nan uku. A sunayen fayil kuwa, ya fi sauƙi a zaɓi salo guda a tsaya a kansa.

Wannan matsala ce ta addabi manyan 'yan jarida ma. A binciken Panama Papers na 2016, wanda Premium Times ta shiga daga Najeriya, takardu miliyan 11.5 ƙungiyar ICIJ ta samu, kuma sai da ta mayar da hotuna rubutu ta haɗa musu fihirisa kafin wani ya iya gano suna ko ɗaya cikin sauƙi. Daga baya ta fitar da manhajarta, Datashare, kyauta, mai aiki a kan kwamfutar mutum, ko da yake ta fi ƙarfin injin da ba shi da isasshiyar ƙwaƙwalwa.

Batun sirri shi ne aka fi mantawa. Fihirisar da ke karanta cikin takardu tana riƙe da kalmomin takardun, don haka goge fayil ba ya nufin alamarsa ta gushe nan take. Wanda ke ajiye sunayen shaidu ko na waɗanda suka tsegunta masa labari bai kamata ya haɗa fihirisa a kwamfutar shagon buga takardu ba, kuma ya dace ya kulle ma'ajiyarsa da BitLocker ko VeraCrypt. Manhajar da aka fasa aka loda wa mutum a kasuwa ita ma abin tsoro ce, domin an ba ta izinin karanta komai. Sannan a duba ko masu manhajar suna raye: Google Desktop ta yi tashe daga 2004, kamfanin ya rufe ta a 2011.

A ra'ayina, ga matashi mai tsohuwar kwamfuta da ƙarancin wuta, haɗa biyu ya wadatar: Everything domin sunaye, DocFetcher kuma a kan folda ɗaya tak da aka tara kasafi da rahotanni, a sabunta fihirisarta ranar da aka samu wuta.