Gishirin da Ba a Sa wa Miya: Uraniyom da Farar Wuta

Darasinmu na yau a kan wani irin gishiri ne. Ba a haƙarsa a Foga, ba a sayar da shi a kasuwa, ba a kuma sa shi a miya. Gishirin uraniyom ne. Ku kasa kunne, wanda ke riƙe da takarda kuma ya bi da yatsa, sannu a hankali.

Abin da ya haɗa Gaya da uraniyom

Mutanen Gaya, kafin 2023 kun daɗe kuna ganin manyan motoci suna ƙetare gadar Malanbil. Waɗansu suna fitowa daga Kwatano, sun nufi arewa da farar wuta, wadda ake kira kibiritu. Waɗansu suna gangarowa daga Arlit, ta Tawa da Doso, ɗauke da ganguna na ƙarfe a rufe. A cikin gangunan nan akwai garin uraniyom. Daga Arlit zuwa bakin teku tafiyar ta kusa kilomita 2,000.

An fara gano uraniyom a ƙasarmu a Azelik, cikin jihar Agadas, a shekarar 1957. Masu binciken jan ƙarfe suke nema, sai suka tarar da shi. Kamfanin Somaïr ya fara fitar da shi a Arlit a 1971. Kamfanin Cominak ya fara a Akuta a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021. A 2023 aka rufe iyakarmu da Benin, jigilar ta tsaya ta wannan hanya. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mai da Somaïr mallakar ƙasa.

To, me uraniyom ke yi da farar wuta? Amsar tana cikin aikin da kuka riga kuka sani.

Mu fara da gishirin Foga

A Dallol Foga ana kankare ƙasa mai gishiri. A zuba ta a mataci, a kwarara mata ruwa. Ruwa ya narkar da gishirin, ya bar ƙasar. Sai a dafa ruwan har ya ƙone. Abin da ya rage a tukunya shi ne gishiri.

Ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, ruwa yana ɗauke gishiri ya tafi da shi, ido bai gani ba. Na biyu, in ruwa ya ƙafe, gishiri yana komowa.

Ɗauki ƙwayar gishiri mai tsabta ka duba da kyau. Za ka ga tana da kusurwoyi, kamar ɗan ƙaramin bulo. Ba wanda ya sassaƙa ta. Dalili shi ne, kowane abu a duniya an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira ƙwayoyin zarra. A cikin gishiri ƙwayoyin nan a jere suke, sahu bayan sahu, kamar tubalin gini. Dutsen da ƙwayoyinsa suka jeru haka masana suna ce masa kiristal. A 1913 wani Bature ɗan Ingila, William Bragg, da ɗansa Lawrence suka gano yadda jerin gishiri yake. Sun yi aiki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

A wurin masana, ba na miya kaɗai ake kira gishiri ba. Kanwa gishiri ce. Alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta shi ma gishiri ne. Gishirin da ke da farar wuta haɗe da iskar oksijan ana ce masa sulfat. Alif sulfat ne. Ruwan batirin mota kuwa, mai cin riga, shi ne uwar dangin nan duka, da farar wuta ake yinsa.

Yadda gishirin uraniyom ke samuwa

Uraniyom ƙarfe ne mai nauyi. Abin da zai cika kwalbar lita 1 yana kai kilo 19. Wani Bajamushe, Martin Klaproth, ya gano shi a 1789. A ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kaiwa, yana zaune cikin baƙin dutse, ruwa ba ya iya ɗaukarsa da sauƙi. Sau da yawa yana maƙwabtaka da wani dutse mai ƙyalli kamar zinariya, mai suna firit, wanda ƙarfe ne da farar wuta.

Ranar da aka haƙa rami, iska da laima suka shiga, sai abubuwa su canza. Firit ya yi tsatsa, ya fitar da ruwa mai kaifi, ɗan uwan ruwan batir. Ruwan nan ya ci baƙin dutse, ya narkar da uraniyom. Ya tsattsafo a bangon rami. In ya ƙafe, sai ya bar ɓawo mai launin ruwan ɗorawa ko tsanwa, kamar yadda kanwa ke fitowa fari fat a fadama da rani. Wannan ɓawo shi ne gishirin uraniyom.

Iri-iri ne, kuma kowane yana da suna. Ga biyu da za ku riƙe:

Zifeyit. Launinsa ruwan ɗorawa ne, wani lokaci ya yi ja-ja kamar lemo. An sa masa suna a 1845, don girmama wani masanin duwatsu, Franz Zippe.

Yohanit. Launinsa tsanwa ne shar. An sa masa suna a 1830.

Dukansu an fara saninsu a ramukan Yakimof, wani tsohon garin haƙar azurfa a ƙasar Cek, cikin Turai. Ana kuma samunsu a tsofaffin ramuka na jihar Yuta a Amurka. Ba su da yawa a duniya. Dalili kuwa a fili yake: abin da ruwa ya kawo, ruwa na iya mai da shi. Sai wurin da ke da ɗan laima amma ruwan sama ba ya duka suke daɗewa.

Ginin cikinsa kamar tabarmi ne

Yanzu mu shiga cikin zifeyit, mu ga yadda aka jera shi. Kowace ƙwayar uraniyom tana riƙe da ƙwayoyin oksijan 7. Guda 2 suna manne da ita sosai, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sauran 5 sun kewaye ta kamar ɗamara. Kowace ƙwayar farar wuta kuma tana riƙe da oksijan 4. Uraniyom da farar wuta suna tarayya a kan oksijan ɗin gefe, wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba. Haka suke saƙuwa su yi shimfiɗa mai faɗi, kamar tabarmar kaba.

Tabarmin nan a jibge suke, ɗaya bisa ɗaya. Tsakanin tabarma da tabarma akwai ruwa da wani ƙarfe da ke riƙe su. A zifeyit, fotasiyom ne, wanda ke cikin tokar murhu da takin zamani. A yohanit, jan ƙarfe ne, shi ya ba shi launin tsanwa. Kun san yadda tsohuwar tagulla ke yin tsanwa in ta sha laima. Lissafin yohanit shi ne: jan ƙarfe 1, uraniyom 2, farar wuta 2, ruwa 8.

Wannan gini shi ke bayyana halinsa. Saƙar tabarma tana da ƙarfi, amma abin da ke tsakani ba shi da ƙarfi. Saboda haka dutsen yana da taushi, farce ma yana iya kartarsa. Yana ɓarewa falle-falle. Yana zama gari da sauri, iska ta kwashe. Ruwa kuma yana kutsawa tsakanin tabarmin ya wargaza su.

Akwai wani abin mamaki. In aka haska zifeyit cikin duhu da irin fitilar da ake duba takardar kuɗi da ita a banki, sai ya yi walƙiya. Yohanit ba ya yi, don jan ƙarfen cikinsa yana kashe walƙiyar. Ta haka masana ke samun hanyar rarrabe su.

Ɓoyayyen haske

A 1896, a birnin Paris, wani masani Henri Becquerel yana gwaji da gishirin uraniyom mai fotasiyom da farar wuta. Ya naɗe farantin ɗaukar hoto cikin baƙar takarda, ya ɗora gishirin a kai. Gari ya yi lumshi, ba rana, sai ya ajiye su cikin aljihun tebur. Da ya wanke farantin ranar 1 ga Maris, ya tarar da inuwar gishirin ta fito. Ashe uraniyom yana fitar da wani haske da kansa, wanda ido ba ya gani, yana kuma ratsa takarda. Bayan shekara 2, Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom cikin baƙin dutsen uraniyom. Daga Yakimof aka riƙa kawo musu ragowar dutsen da suka yi aiki da shi.

Wannan haske ba ya ƙarewa da wuri. Kafin rabin uraniyom ya lalace sai an yi shekara miliyan 4,500.

Abin da ake yi a Arlit

Abin da ke faruwa a bangon rami cikin shekaru, shi ake yi a masana'anta da gangan. A tan 1 na dutse, wato kilo 1,000, uraniyom bai fi ƴan kilo kaɗan ba. Ana niƙa dutsen. Ana ƙona farar wuta a yi ruwa mai kaifi da ita. Ana jiƙa garin dutse da ruwan, uraniyom ya narke ya zama sulfat a cikinsa. A tace, a ware yashi, kamar aikin Foga. Daga nan a sa waɗansu magunguna, uraniyom ya rabu da farar wuta ya kwanta, gari mai ruwan ɗorawa. A busar, a ɗura a ganguna. Da irinsa ƙasashe kamar Faransa ke samun wutar lantarki.

Yashin da ya rage yana nan da sauran guba. Cominak ta fitar da uraniyom wajen tan 75,000, ta bar tarin yashi wajen tan miliyan 20 kusa da Akokan. Daga irin wannan tari wata iska mai suna radon ke fita, ba wari, ba launi. In ruwa ya ratsa tarin, yana iya sauka da uraniyom zuwa ruwan ƙasa. Shi ya sa ake rufe shi da laka da duwatsu, ana kuma auna rijiyoyi.

Abin da ya kamata ku kiyaye

Uraniyom da ya shiga ciki ta ruwan sha yana taɓa ƙoda. Ƙurarsa da radon suna cutar da huhu. Ciwon ba ya nunawa a ranar, sai bayan shekaru. Tafasa ruwa ba ta kashe shi, don ba ƙwayar cuta ba ne. Ku tuna da tukunyar Foga: ruwa ke tafiya, gishiri ya zauna.

Samarinmu da yawa suna zuwa arewa neman kuɗi. Ku gaya musu:

1. Kada su shiga tsohon ramin ma'adinai. Kada su lasa ko su kawo gida dutse mai ɓawon ruwan ɗorawa ko tsanwa.

2. Kada a yi tukunya, ko a zuba ruwan sha, a ganga ko bututun da ya fito daga ma'aikatar uraniyom. A 2003 da 2009 masu bincike sun samu irin ƙarafan nan masu ɓoyayyen haske ana sayarwa a Arlit.

3. In motar irin kayan nan ta faɗi, kamar yadda ya faru a Dasa cikin Benin a 2017, ku nisance ta. Ku janye yara da dabbobi, ku tsaya ta inda iska ke fitowa, ku sanar da mai gari da jandarmomi.

Ba kowane dutse mai ruwan ɗorawa ne uraniyom ba. Ido ba ya rabewa, sai na'urar awo. Wanda ya yi shakka ya bar shi inda ya gan shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don aji

Me ya sa gishirin uraniyom ba shi da yawa a duniya? Me ke tsakanin tabarmin yohanit? Don me tafasa ruwa ba ta raba shi da uraniyom? Ku tattauna da malaminku, kowa ya rubuta amsa a littafinsa. Ku kuma rubuta kalmomin nan sau 3: uraniyom, sulfat, kiristal, radon.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.