Awa 72: Haƙƙin Wadda Aka Yi wa Fyaɗe a Kan Asibiti

A gidajenmu da yawa, idan aka yi wa yarinya fyaɗe, sai a yi maza a yi mata wanka, a wanke tufafinta, manya su zauna shawarar yadda za a rufa asiri. Kafin a tuna da asibiti, kwana huɗu ko biyar sun shuɗe. Wankan ya tafi da shaida, jinkirin ya tafi da damar magani.

Maganin riga-kafin cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72 yake amfani, kuma a ci gaba da sha har kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa iyakarsa kwana 5. Don haka wajibi ne asibiti ya tanadi magungunan nan dare da rana, tare da na ciwon sanyi da allurar riga-kafin ciwon hanta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka ba daidai ba ne a ce sai an kawo takardar 'yan sanda.

Bayan magani sai mutunci. A duba ta a keɓaɓɓen ɗaki, a hannun ma'aikaciya mace in ta fi so, kuma kada a taɓa jikinta sai an yi mata bayani ta yarda. Tambayar "me ya kai ki can?" ba ta da gurbi a ɗakin likita. Gwajin budurci ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa ba shi da tushe a kimiyya. Aikin likita shi ne ya rubuta raunin da ya gani dalla-dalla, ya adana tufafi da samfuri, domin su alƙali zai duba. Daga nan a haɗa ta da mai kwantar mata da hankali. Yara maza ma ana yi musu, kuma haƙƙinsu ɗaya ne.

Akwai cibiyoyin da aka kafa don wannan aiki: Mirabel a Legas tun 2013, Waraka a Asibitin Murtala na Kano, Salama a Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Sai dai sun yi wa mutanen karkara nisa, shi ya sa ya kamata kowane babban asibiti ya cika waɗannan ƙa'idoji.

Iyaye, in Allah ya kawo wannan jarrabawa, a fara kai yarinya asibiti a ranar, kafin wanka, kafin zaman shawara.