Tiyatar Hana Zufa: Hannu Ya Bushe, Baya Ya Jiƙe

Akwai mutanen da tafin hannunsu ke tsiyayar da zufa ko da a tsakiyar hunturu ne. Takarda ta jiƙe a hannunsu, alƙalami ya zame, musafaha ma ta zame musu abin fargaba. Irin wannan zufa ba daga zafi ba ce. Wasu jijiyoyi ne da ke jere a gefen ƙashin baya, cikin ƙirji, suke tsananta umurni ga kafofin gumi.

Saboda haka likitocin fiɗa suka ƙago dabarar datse jijiyar. Sai a sa wa mutum maganin barci, a huda ƙarƙashin hamata, a zura siririn bututu mai kyamara, a yanke ta ko a ƙone ta ko a matse ta. Likitocin Suwidin ne suka yaɗa wannan hanya tun daga ƙarshen shekarun 1980. Wajen busar da hannu kuwa, lalle ta cika alkawari: fiye da 90 cikin 100 kan farka hannunsu a bushe.

Amma fa jiki bai daina bukatar sanyaya kansa ba. Zufar da aka tare a hannu sai ta ɓulla a baya da ciki da cinyoyi. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin kan gamu da wannan. Ga wasu kaɗan ce, wasu kuwa sai sun sake riga sau da yawa a yini, har su gwammace halin da suke ciki a da. Mai zama inda zafin bazara ke kai maki 40 ya kamata ya auna wannan da kyau, domin jijiyar da aka yanke da wuya ta gyaru. Daɗin daɗawa, wasu kan yi gumin fuska in suna cin abinci, bugun zuciya kan ragu, jefi-jefi kuma fatar ido ɗaya kan sauko.

Don haka likitoci kan ajiye wuƙa sai a ƙarshe. Akan fara da maganin shafawa mai sinadarin alminiyam, ko tsoma hannu cikin ruwa mai ɗauke da ɗan lantarki, ko allurar Botox, wadda Amurka ta amince da ita don zufar hamata a 2004, ko da yake ƙarfinta na 'yan watanni ne.

Wanda kuwa zufa ke jiƙa shi da dare, yana tari yana ramewa, gwajin tarin fuka ya kamace shi, ba tiyata ba.