Jiran lokacin Allah: yadda Kiristoci ke fahimtar haƙuri

Duk wanda ya taɓa zama kusa da majami'a a Maraɗi ko Damagaram tsakanin watan Mayu da Yuni, ya san addu'ar da ta fi yawa a lokacin: roƙon ruwa. Rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau, hadari ya taso ya watse. A irin wannan lokaci fastoci kan buɗe wasiƙar Yaƙubu, sura ta 5, inda aka kwatanta mai bi da manomin da ke jiran ruwan fari da na ƙarshe kafin ya ga amfanin gonarsa.

To amma wane irin jira ake nufi? Nan ne mutane da dama ke kuskure. Manomin da ya yi binne, wato ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ai ba zaune yake ba. Ya yi sassabe, ya kai taki, ya fitar da irin da ya hana yara ci. Abin da ya rage, saukar ruwan, shi ne ba ya hannunsa. A koyarwar Kirista haƙuri ke nan: ka gama naka, ka bar wa Allah ranar, kada gajiya ta kai ka ga abin da ka san haramun ne.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa jiran na iya tsawo ba. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana ɗan shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da 30, bayan bauta da kurkuku. Kuma da ya samu iko, bai ce Allah zai ciyar ba ya naɗe hannu. Hatsi ya tara shekara 7, ajiyar da ta ceci Masar lokacin yunwa.

Shi ya sa bai dace a ce wa mai ciwo ya yi haƙuri kawai a bar shi gida ba. Mishan ɗin SIM da ya yi wa'azin haƙurin, shi ne ya buɗe asibitin Galmi a 1950.

Akwai wani misali kusa da mu. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ya yi aiki da SIM a yankin Maraɗi, ya yi ta dasa itatuwa, yawanci suna mutuwa, har ya kusa fid da rai. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ya yi addu'a yana neman mafita. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa a gona ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. A bar musu reshe kaɗan, a sare sauran, a kare su daga bisashe. Da farko dariya aka yi masa, don gona mai tsabta a lokacin ita ce wadda babu icce. Sai da aka sha farin 1984, aka kuma ɗauki shekaru, kafin manoma su yarda. Yau ana kiran aikin sassaben zamani, kuma ƙalgo da sabara da gawon da ke tsaye cikin gonakin Agye da Tasawa, da yawansu daga irin waɗannan kututture suka tashi.